Yadda Ake Juya Jimlar Turanci Tsakanin Active da Passive

Active ita ce jimlar da mai aikin (aikau) ke zuwa a farko, passive kuwa wanda aikin ya faɗa wa (karɓau) ne ke zuwa a farko. Kafin ka juya jimla zuwa passive, duba ko aikatau ɗinta yana da karɓau. Irin su sleep, arrive da happen ƙi-karɓau ne, ba sa juyuwa ko kaɗan. Shi ya sa "The accident was happened" kuskure ne, komai yawan masu faɗarsa.

Mu ɗauki wannan: "The teacher wrote the letter." Malami ne aikau, wasiƙa ce karɓau. Ɗauko the letter ka kai ta farkon jimla. Sai ka mayar da aikatau siffarsa ta uku (write, wrote, written), wato written, ba wrote ba. Irin su write, take da see ba sa ɗaukar -ed, dole sai an haddace su.

To, a nan ne ake bukatar natsuwa. Written ba ta nuna lokaci. Kalmar be, mai siffofi irin su is, are, was da were, ita ce za ta ɗauki wannan nauyin. Tunda wrote aiki ne da ya wuce, sai a ce "The letter was written by the teacher." Da writes ne, sai is written. Is writing ya koma is being written, has written ya koma has been written, will write kuma will be written. Being ɗin nan ita aka fi mantawa, kuma da zarar ta faɗi, aikin da ake cikin yi ya tashi daga ma'anarsa. Ka kuma lura, be tana bin sabon shugaban jimlar ne: wasiƙa ɗaya was, wasiƙu were, ko da malamin ɗaya ne.

Wakilin suna ma yana sauya riga: he ya zama by him, she ta zama by her, they su zama by them.

Ba kullum ake bukatar by ba. "Someone stole my phone" ta fi daɗin ji a "My phone was stolen." Daidai take da "an sace wayata". A ganina, duk inda bakinka zai ce an, ana ko za a, to passive maras by ce ta dace.

Dawowa daga passive zuwa active kuwa ba wuya. Nemo wanda ke bayan by ka sa shi gaba, karanta lokaci daga jikin be, sannan ka cire ta. "The windows are being washed by the boy" ta koma "The boy is washing the windows". Are ta zama is don yaron ɗaya ne. Idan babu by, sai ka kawo someone ko they.

Amma a kula, ba kowace by ce ke nuna mai aiki ba. A "The work was finished by Monday", Litinin ba ta gama komai ba, wa'adi kawai take nunawa. Abin da za ka rubuta shi ne "They finished the work by Monday."