Babi na 6: Zaɓen itacen baka

Darasi na 1: Wane itace za a sara?

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. A buɗe littafi, a ɗora yatsa a layin farko, mu bi a hankali. Kakanninmu sun riƙe baka da kwari a yaƙin Burmi na 1903, kafin su biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, su zauna a bakin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Yau ga birai a gonar dawa, amma da wuya ka sami matashin da ya san itacen baka. Shi za mu koya.

Itacen baka shi ne wanda in an tanƙwara shi zai miƙe da kansa, da ƙarfi. Dargaza ce gaba. Inda babu ita, a nemi 'yar'uwarta da ake kira gudem a nan, wadda muke jiƙa 'ya'yanta mu sha. Ɗunɗu ma yana yi, sai dai ƙaya, kuma samun miƙaƙƙe sai an wahala. Gorar da ake kawowa daga wajen Damazin tana yi wa yara masu koyo. Kuka da tumfafiya da dashi ba sa yi sam, cikinsu laushi ne. Dakwara kuwa a ƙyale ta, ƙaronta abincin gidan wani ne. A tambayi malaman daji kafin a sa gatari, kuma kada kowa ya shiga gandun dajin gwamnati na Dindir.

A zaɓi reshe miƙaƙƙe, kaurin ƙotar fartanya, tsawonsa daga ƙasa zuwa haɓarka. Haɓa, ba kafaɗa ba. A shafa shi da hannu daga sama har ƙasa. In an ji ƙulli, ko an ga ramin ƙwaro, ko ɓawon ya murɗe yana zagaya reshen, a wuce shi. A sara bayan kaka, lokacin sanyi, sa'ad da ruwan jikin itace ya ja baya.

Darasi na 2: Busarwa

A nan kowa ke faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Ɗanyen itace ba ya zama baka. Mu karanta tare: ɗanyen itace ba ya zama baka. Madalla, Baba, haka ake so.

Da an kawo sandar gida, a shafe bakinta biyu da kakin zuma ko kitse. Ta baki ruwa ke saurin fita, in ya fita da gaggawa sai ta tsage. A kwantar da ita a inuwa, cikin ɗaki, a kan katakon rufi ko bisa rumfa daga ciki, inda iska ke ratsawa kuma gara ba ta kaiwa. A inuwa, ba a rana ba. Ranar ƙasar nan a watan Afrilu tana iya tsaga ta kafin la'asar. Kada a jingina ta da bango, za ta lanƙwashe.

Yanzu ga amfanin karatunmu. A ɗauki gawayi a rubuta kwanan wata a jikin sandar. A kai ta wajen mai kanti a ɗora a sikeli, a rubuta nauyin a littafi. Bayan mako 2 a sake aunawa, a rubuta a ƙarƙashin na farko. Za a ga lambar tana raguwa, ruwa ne ke fita. Muddin lambar na raguwa, sandar ɗanya ce. Sai an auna sau 2 a jere lambar ba ta motsa ba, sannan ta bushe. Wannan yakan ɗauki watanni. Wanda lissafi ke ba wa wuya ya kawo littafinsa mu duba tare, ba abin kunya ba ne.

Amma jama'a, don Allah! Na ga an kawo mini sanda baƙi ƙirin, an gasa ta a murhu wai don ta yi saurin bushewa. Na ga wadda aka shanya a kan kwanon ɗaki. Wa ya koya muku haka? Ba a littafin nan ba. Irin wannan bakan, ranar da aka ja tsirkiya sai ya karye, tsinin ya nufi ido. Manya ne ku, bai kamata in yi ta nanatawa ba. A inuwa, a shafe baki biyu, a auna, a rubuta, a jira.

Darasi na 3: Fiƙa

A ɓare ɓawo a hankali. Gefen da zai kalli abin harbi shi ne bayan baka, kada wuƙa ta ci shi. Ta ciki ake kankara da gizago, kaɗan-kaɗan, har hannu biyun bakan, na sama da na ƙasa, su tanƙwaru daidai. In sandar ba ta bushe ba, a koma darasi na 2.

Darasi na 4: Ajiya

A shafa mai. A kwance tsirkiya in an gama harbi. A kwafi sunayen itatuwan darasi na 1 a littafi, a zo da shi ran Asabar.