Idan mai sikila ya fara ɗingishi, ki duba kwatangwalo

Ciwon ƙashin da masu sikila suka saba da shi yakan taso ya lafa. Ciwon kwatangwalo kuwa ba ya lafawa. A matsematsi yake zama, wani lokaci ya gangaro gaban cinya har gwiwa. Shi ya sa iyayen da ke kawo mini yara gashin ƙashi a nan Kano, da yawansu sai sun yi watanni suna shafa man zafi a gwiwar da lafiyarta ƙalau. Matsalar tana sama, a dunƙulallen kan ƙashin cinya, wanda ke juyawa cikin kwatangwalo kamar taɓarya a turmi. Hanyoyin jinin da ke ciyar da shi ƙanana ne. Idan suka toshe, ƙashin ya riƙa mutuwa a hankali har ya lotsa.

Ki fara da ido. Yaron ya daina zaman tahiya daidai, yana miƙe ƙafa ɗaya gefe? Tsuguno a banɗaki ya zama aiki? Sai ki kwantar da shi rigingine a tabarma, ƙafafu a miƙe, ki ɗora tafin hannu a cinyarsa ki mirgina ta a hankali, yatsun ƙafar su kalli ɗayar ƙafar. Ki yi wa ɗaya ɓangaren haka. Wadda ta cije, ko ta sa shi yamutsa fuska, ita ce. Kada ki danna da ƙarfi. Idan kuwa da zazzaɓi, kuma ya kasa taka ƙafar sam, ranar za ku tafi asibiti, don mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar.

Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne gidan wannan aiki. Idan kuna zuwa asibitin Malam Aminu Kano ganin likitan sikila, ki gaya masa ya tura ku can Dala. Ki roƙi a ɗauki hoton ɓangarorin biyu, don ciwon yakan kama duka. Hoton farko na iya fitowa tas alhali ciwon ya fara. Wani hoton na'ura na musamman da ake kira MRI ne ke kama shi da wuri. Da tsada, amma idan likita ya nema ki daure. Kafin ƙashin ya lotsa akan iya huda shi a rage matsin da ke ciki. Bayan ya lotsa, galibi sai dai a sa na ƙarfe, aikin da wani likitan Ingila, John Charnley, ya daidaita tun 1962.

Masu ɗori ina girmama su, amma nan ba karaya ba ce, babu abin ɗorawa. Ja da murɗa ƙara lalata gaɓar suke yi.

Kafin ranar ganin likita, a rage wa ƙafar nauyi. Sandar tafiya a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, kusan kowa juyawa yake yi. Hawa bene, mai lafiyar ce gaba. Saukowa, mai ciwon. A yi salla a kujera, a nemo masai na zaune, a bar ƙwallo tukuna. Ruwan sha kada ya yanke, musamman da zafin bazara.

Sannan ke kanki, Hajiya, da 'yanmatan gidan: ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa akwai wani magani mai suna dexamethasone a ciki, kuma daɗewa ana shansa yana kashe kan ƙashin cinya ko da mutum ba shi da sikila. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, ta je likita ya rage mata a hankali.