Yadda ake gane sitenles na gaske kafin a biya kuɗi

Bara na yi wa wani Alhaji a Bukuru ƙarfen baranda da bututun sitenles, wato ƙarfen da bai kamata ya yi tsatsa ba. Damina ɗaya kawai, jan tsatsa ya ɓullo a duk inda na yi walda. Laifina ne, don da maganaɗisu kaɗai na gwada bututun a shago.

Sinadarin kuromiyam ne ke hana ƙarfe tsatsa, kuma sai ya kai kashi 10.5 cikin ɗari kafin a kira ƙarfen sitenles. Shi ke haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ke sake rufewa in an karce ta.

Fara da neman lamba a jikin bututun. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ya dace da waje. Mai 201 an rage masa nikel an ƙara manganis, ya fi araha, ya kuma fi saurin tabo.

Sai maganaɗisu. In ya kama da ƙarfi, ko dai 430 ne, wanda shi ma sitenles ne, ko baƙin ƙarfe da aka yi wa rufi mai ƙyalli. In bai kama ba, kada ka yi saurin murna, 201 ma ba ya kamawa. Nan na faɗa tarko.

Don haka ka sayi guntu ɗaya tukuna. Gurza shi sosai da sabuwar sanfefa, ka ɗora tsumma jiƙe da ruwan gishiri, kana sake jiƙa shi har mako guda. Baƙin ƙarfe zai yi ja tun kwanan farko, mai rauni kuma ya fito da ɗige-ɗige.

Saura sinadarin fosfaros da ke cikin ƙarfen, wanda ido ba ya ganewa. A 304 bai kamata ya wuce kashi 0.045 ba, domin yawansa kan tsaga walda tana hucewa. Haɗa guntu biyu da sandar walda mai lamba 308L, ka bari su huce da kansu, ka duba tsakiyar ɗinkin a hasken rana. Ka ga tsaga kamar silin gashi? Sake gwadawa da ƙaramar wuta. In ta maimaita, mayar wa mai shago kayansa.

Burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kuwa, kada yaron shagonka ya kusanto da shi, ƙurarsa ce za ta yi tsatsa a kan aikinka.