Yadda ɗan Maradi zai shirya tuƙa keke a duwatsun Mayorka

Mu nan Maradi ƙasarmu shimfiɗe take, don haka mai son tuƙa keke a Mayorka, tsibirin nan na Sifaniya, sai ya fara gyara ƙafafunsa tun daga gida. Ni bayan sallar asuba nake kama hanyar Madarunfa in dawo, da giyar keke mai nauyi, ina fuskantar iskar hunturu. Ba tudu ba ne, amma cinya tana ji.

Nemi bizar Schengen, wato bizar shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai, da wuri. Ka tafi a Maris, Afrilu ko Oktoba, domin Yuli da Agusta ga zafi ga cunkoson 'yan yawon buɗe ido. Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar keke a jirgi, ana bayar da haya a Port de Pollença, wani gari a arewacin tsibirin. Ka dai tafi da sirdin da ka saba da shi.

Hanyar Sa Calobra, wani ƙauye a bakin teku ƙarƙashin duwatsu, ita ce babbar jarrabawa. Za ka fara gangarawa har bakin teku, sannan ka juyo ka hau kusan kilomita 10 mai lanƙwasa 26, har mashigin dutsen da ake kira Coll dels Reis, mita 682 sama da teku. Hanyar ɗaya ce, ta inda ka sauka ta nan za ka hau. Wajen gangara ka riƙa dannan birki kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, saboda manyan motocin bas kan cinye titin gaba ɗaya. Gara ka yi sammako kafin su fito da hantsi. Cika gora biyu da ruwa, ka zuba dabino a aljihun riga, ka kuma ɗauki 'yar rigar tare iska, don saman dutsen da sanyi ko da rana ta take.