Ga masu son renon Myrmecodia a gida

Jama'a, don Allah duk wanda ya samu Myrmecodia ko Hydnophytum, wato tsirran nan masu kumburarren gindi da tururuwa ke zama a ciki, kada ya dasa ta a ƙasar lambu, ruɓewa za ta yi. A dazuzzukan Indonesiya da Papua New Guinea da arewacin Ostireliya a kan rassan itatuwa take zama, saiwarta na shan iska. Ba kamar kauci ba ce, ba ta tsotsar itacen da take kai. A haɗa mata ɓawon itace da zaren kwakwa da ɗan gawayi a tukunya mai ramuka sosai, a bar kumburarren gindin nan a sarari.

Gindin nan shi ne abin sha'awa. Cikinsa ɗakuna ne da tsiron ke yi da kansa. Tururuwa na renon 'ya'yanta a masu sumul, tana zuba shara a masu ƙuraje, tsiron kuma ya tsotsi abinci daga sharar. Ko babu tururuwa za ta rayu, sai dai a riƙa ba ta takin ruwa mai sauƙi. Kada a yanka gindin don leƙawa.

Lokacin hunturu a riƙa fesa mata ruwa, a ajiye ta wuri mai haske amma ba zafin ranar tsaka ba. Irinta kuwa a shuka shi ɗanye, in ya bushe da wuya ya tsiro.