Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Windows, Mac da Linux Su Riƙa Musayar Fayiloli a Ofis Ɗaya

A yawancin shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshin Kano, tun daga na bakin Jami'ar Bayero har zuwa ɗakunan tace fina-finai na titin Gidan Zoo, da wuya a tarar da kwamfutoci masu babbar manhaja iri ɗaya. Mai karɓar aiki yana gaban Windows, mai zane ko mai tace bidiyo yana aiki da Mac, can gefe kuma akwai tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa Ubuntu, wani nau'in Linux, saboda ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Idan fayil zai tashi daga wannan teburi zuwa wancan, sai a sa shi a filash, ko a tura shi ta WhatsApp. Filash ɗin da ya shiga kwamfutar kowa shi ne babban mai yaɗa ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, turawa ta intanet kuwa tana cin data sau biyu, wajen ɗorawa da wajen saukewa, alhali tazarar da ke tsakanin na'urorin biyu ba ta kai taku biyar ba.

Ba a buƙatar intanet ko kaɗan domin kwamfutocin da ke ɗaki ɗaya su ga juna. Abin da ake buƙata shi ne su haɗu a hanyar sadarwa ɗaya, sannan su yi magana da ƙa'ida ɗaya, kamar yadda Bayarabe da Ibo da Babarbare ke cinikinsu da Hausa a kasuwar Sabon Gari. Sunan wannan ƙa'ida SMB. An ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ya ɗauke ta ya mai da ita hanyar raba fayiloli a Windows, Andrew Tridgell na ƙasar Ostireliya ya fitar da manhajar Samba a 1992 wadda ta ba Linux damar amfani da ita, shi kuma Apple ya fifita ta a kan tasa tsohuwar ƙa'idar tun daga 2013. Saboda haka duka ukun sun riga sun iya ta, saiti kawai ya rage.

A fara da haɗin zahiri. Kowace kwamfuta ta shiga rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, ko ta waya ko ta Wi-Fi, kuma rautar za ta yi wannan aiki ko da babu data a layin da ke cikinta. Ga masu takardun rubutu da 'yan hotuna, Wi-Fi ya wadatar. Ga masu bidiyo kuwa shawarata ita ce a ja waya, samfurin Cat5e ko Cat6, wadda ake samu a titin Beirut, da sharaɗin kada tsawon waya guda ya wuce mita 100. Idan ramukan rautar ba su isa ba, sai a ƙara akwatin rarraba waya da masu sayarwa ke kira suwic, kuma a nan ya kamata mai saye ya buɗe ido, domin akwai mai gudun megabit 100 akwai mai gudun gigabit 1, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Bidiyon biki mai nauyin gigabait 10 zai ɗauki kimanin minti 15 a kan na farko, amma bai cika kai minti 2 ba a kan na biyu, muddin su ma kwamfutocin ramukansu na gigabit ne.

Bayan haɗi sai a duba adireshin IP na kowace na'ura, wato lambar da ake gane ta da ita a hanyar sadarwa. A Windows ana buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig, a Linux ana rubuta ip addr a tamina (Terminal), wato tagar rubuta umarni, a Mac kuwa yana cikin sashen Network na System Settings. Yawanci za a ga lamba irin 192.168.1.10 ko 192.168.0.7. A irin saitin da rautocin gida da na ƙananan ofisoshi ke zuwa da shi, kashi ukun farko dole su zama ɗaya a duk kwamfutocin, na huɗun ne kaɗai zai bambanta. Wanda ya ga adireshinsa ya fara da 169.254, to rauta ba ta ba shi adireshi ba, sai ya duba waya ko ya sake haɗawa. Daga nan a gwada rubuta ping tare da adireshin ɗaya kwamfutar. Idan amsa ta dawo, hanya ta buɗe. Idan ba ta dawo daga Windows ba kada a yanke hukunci tukuna, domin katangar tsaronta kan toshe wannan gwajin har sai an kunna raba fayiloli.

Yanzu ga shawarar da ta fi kowane saiti muhimmanci: a zaɓi kwamfuta guda ta zama ma'ajiyar ofis, sauran su riƙa zuwa wurinta. Idan kowa ya buɗe foldarsa ga kowa, ba a daɗewa za a wayi gari da kwafi huɗu na katin ɗaurin aure ɗaya, ba wanda ya san wanda mai aiki ya amince da shi. Wadda za a zaɓa ita ce wadda ta fi daɗewa a kunne, wadda ke kan waya, kuma ba a fita da ita daga ofis. Sai a shiga shafin saitin rauta a keɓe mata adireshi na dindindin, domin rauta na iya sauya wa na'urori adireshi duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kuma mu nan mun san sau nawa hakan ke faruwa a yini. Da yawa daga cikin haɗin da aka ce ya lalace da kansa, adireshin ne kawai ya canza.

Idan Windows ce ma'ajiyar, a shiga Settings, sashen Network & internet, a tabbatar an sa hanyar a matsayin Private ba Public ba, domin a matsayin Public kwamfutar na ɓoye kanta da gangan. Sannan a cikin Advanced sharing settings a kunna Network discovery da File and printer sharing, a bar Password protected sharing a kunne. Daga nan a buɗe sabon asusu na cikin kwamfutar, wanda ba a haɗa shi da asusun Microsoft ba, a ba shi suna kamar ofis da kalmar sirri mai ƙarfi. Dalilin buɗe shi shi ne lambar PIN da mutum ke shiga kwamfutarsa da ita ba ta aiki daga wata na'urar, kuma bai dace maigida ya raba wa yaran shago kalmar sirrin asusunsa na kansa ba. Sai a ƙirƙiri folda, a ce Aiki, a danna ta da maɓallin dama, a shiga Properties, Sharing, Advanced Sharing, a zaɓi Share this folder, a ba asusun ofis izinin Change. Akwai ƙofa ta biyu da mutane ke mantawa da ita: a shafin Security na wannan foldar ma sai an ƙara asusun an ba shi izinin Modify, domin idan izinin biyu suka saɓa, Windows na bin wanda ya fi tsanani. A sani kuma Windows ta teburi ba ta karɓar sama da na'urori 20 a lokaci guda, adadin da ya ishi kusan kowane shago.

Shiga daga sauran na'urorin ba shi da wuya. A Mac, a buɗe Finder, a danna Command da K tare, a rubuta smb:// tare da adireshin ma'ajiyar, misali smb://192.168.1.10, a sa sunan asusu da kalmar sirri. Wanda ke son foldar ta riƙa buɗewa da kanta kullum sai ya ƙara ta cikin Login Items. A Ubuntu ana rubuta wannan adireshin a wurin haɗawa da saba (server), wato ma'ajiyar, da ke cikin manhajar Files. A wata Windows ɗin kuwa ana rubuta \\192.168.1.10 a saman File Explorer, kuma da Map network drive ana iya ba foldar harafi ta zama kamar faifan cikin kwamfutar.

Mac ma na iya zama ma'ajiya: a System Settings, General, Sharing, a kunna File Sharing, a cikin Options a zaɓi rabawa ta SMB, a kuma sa alama a kan asusun da masu Windows za su shiga da shi. Amma a ganina tsohuwar kwamfutar nan mai Linux ta fi dacewa da wannan aiki, musamman tunda Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutoci da yawa masu lafiya suka zama ba su da sabuntawar tsaro. A Ubuntu ana saka Samba da sudo apt install samba, a buɗe asusu da sudo adduser ofis, a ba shi kalmar sirrin Samba da sudo smbpasswd -a ofis, domin Samba na da nata kundin kalmomin sirri daban da na Linux. Sai a ƙirƙiri foldar /srv/aiki, a mallaka ta ga asusun da umarnin chown, a ƙara waɗannan layuka a ƙarshen fayil ɗin /etc/samba/smb.conf:

[aiki]
path = /srv/aiki
read only = no
valid users = ofis

Umarnin testparm zai nuna ko akwai kuskure a rubutun, sudo systemctl restart smbd zai sa saitin ya fara aiki, idan kuma katangar tsaro na kunne sai a ƙara sudo ufw allow samba. Sau da yawa kwamfutar Linux ba ta bayyana a jerin Network na Windows ko da komai daidai ne. Kada wannan ya tayar da hankali, a rubuta adireshin kai tsaye.

Idan haɗi ya ƙi, akwai shawarwari biyu da wasu masu gyara ke bayarwa waɗanda ya kamata a ƙi karɓa. Ta farko ita ce a kunna SMB1, tsohon zubin ƙa'idar. Ta ɓarakar da ke cikinsa ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayu 2017 ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, kuma tun ƙarshen wannan shekarar Microsoft ya fara daina kunna shi a sababbin Windows 10, Samba ma ta kashe shi a 2019. Tsohuwar firinta ko na'urar sikanin da ba ta jin komai sai SMB1 gara a haɗa ta da kebul na USB. Ta biyu ita ce a cire kalmar sirri a buɗe foldar ga kowa. A shagon da kwastomomi ke karɓar lambar Wi-Fi, wannan na nufin duk wanda ya zauna a benci zai iya buɗe takardun shaidar karatu da hotunan fasfo na mutane, waɗanda amana ce a hannun mai shago. Ga kwastoma sai a kunna masa Wi-Fi na baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi kuma yake raba baƙo da na'urorin ofis. Wannan rabawar ce kuma kan hana kwamfutoci ganin juna idan ɗayansu ta shiga hanyar baƙi bisa kuskure, ko idan an kunna AP isolation a rautar, wato saitin da ke hana na'urorin Wi-Fi ganin juna.

Sunayen fayiloli ma na jawo matsala, don kowace manhaja da dokarta. Windows ba ta yarda da alamomin \ / : * ? " < > | a cikin suna, alhali Linux na karɓar yawancinsu. Linux na ɗaukar Rasit.pdf da rasit.pdf a matsayin fayiloli biyu, Windows kuwa ɗaya take ganinsu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna wucewa lafiya ta SMB, sai dai wasu tsofaffin manhajojin matse fayil kan dagula su, don haka fayil ɗin da za a aika wa maɗaba'a a waje gara a rubuta sunansa da haruffa marasa lanƙwasa. Masu Windows kuma za su riƙa ganin ƙananan fayiloli masu suna .DS_Store ko masu farawa da ɗigo da layin ƙasa. Mac ce ke ajiye su, ba cuta ba ce.

Filash ba zai ɓace gaba ɗaya ba, tunda kwastoma da shi yake zuwa. Wanda ofis zai riƙa amfani da shi tsakanin na'urorin uku a tsara shi, wato a yi masa format, da tsarin ajiyar fayiloli na exFAT, domin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, Windows kuwa ba ta buɗe APFS na Mac ko ext4 na Linux da kanta. A tuna tsarawa na goge duk abin da ke ciki.

Tara aikin ofis a kwamfuta ɗaya na nufin faifanta ya zama abin da za a fi kiyayewa. A ɗora ta da rautar a kan UPS ko inbata, domin yankewar wuta a tsakiyar kwafi na lalata fayil, a ajiye ta inda iska ke ratsawa saboda zafin bazara, a kuma riƙa hure mata ƙura a lokacin hunturu. Fayil ɗin da aka goge daga wata kwamfutar ta hanyar sadarwa ba ya shiga kwandon shara na Windows, ɓacewa yake yi nan take. Saboda haka a tanadi faifan waje, a kwafe foldar Aiki a kansa kowace yamma kafin a rufe shago, a cire shi daga jikin kwamfutar, a tafi da shi gida ko a kulle shi a wani ɗakin daban.