Babi na 6: Haɗa Iri da Auna Shi Don Gonar Namun Daji

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi a kan gonar da ake shukawa don namun daji ne. Ba a girbe ta, dabbobin ne ke zuwa su ci a tsaye: barewa, zomo, zabi, fakara, kurciya. Kowa ya tanadi fensir, takarda, igiyar awo da sikeli. Wanda hannunsa bai faɗa da rubuta lamba ba kada ya damu, a hankali za mu bi.

Darasi na 1: Wa za ka ciyar?

Kafin ka sayi iri, ka san baƙinka. Barewa da zomo ganye suke bi, shi ya sa ake shuka musu wake ko waken soya, don ganyensu na da sinadarin gina jiki. Tsuntsaye kuwa ƙwaya suke nema, da wurin ɓuya, sai a ba su gero da dawa. Idan an haɗa ukun, wake ya hau karan dawa, saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma ko barewa ta cinye ganyen wake, dawa da gero suna nan. Iri uku sun isa mai farawa. Sai dai a kula: wake, dawa da gero na lokacin zafi ne, alkama ta lokacin sanyi ce. Ba a zuba su a kwano ɗaya.

Yanzu ɗauko buhun. Ka ga hoton dabba mai manyan ƙahoni a gabansa? Wannan talla ce. Juya buhun ka nemo ƙaramar takardar da ke liƙe ko ɗinke a jikinsa. Sa yatsa ka karanta abu huɗu: sunan kowane iri, tsabtarsa, yawan wanda zai tsiro, da ranar da aka yi gwajin. Alamar nan % tana nufin kashi cikin 100. Idan an rubuta cewa an lulluɓe irin da wani gari, ka sani nauyin garin ma yana cikin kilon da ka biya.

Darasi na 2: Auna filin

Kada ka ce "zai kai rabin hekta." Ido na yaudara. Ja igiya, auna tsawo, rubuta. Auna faɗi, rubuta. Sai ka ninka su. Idan tsawo mita 50 ne, faɗi mita 50, to 50 sau 50 ya ba ka 2,500. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Nawa 2,500 za ta shiga cikin 10,000? Sau 4. Ke nan filinka kwatan hekta ne, kashi ɗaya cikin huɗu. Rubuta "kwata" a saman takardarka ka zagaye shi, za mu dawo kansa.

Wasu buhunan, musamman na Amurka inda aka fi yin irin wannan noma, suna rubuta laba da eka. Eka 2 da rabi sun yi kusan hekta ɗaya, laba ɗaya kuma giram 454 ce.

Darasi na 3: Ba kowane iri kasonsa

A nan ne ake faɗuwa. Ajin da na koyar duka, a nan ake faɗuwa. Ku ajiye hira ku saurara.

Lambar kilon shuka da ka gani a buhu, ta wanda zai shuka irin shi kaɗai ne a hekta guda. Maimaita: shi kaɗai. A misalinmu, buhun wake ya ce kilo 80, na dawa ya ce kilo 20, na gero ya ce kilo 20. Naka buhun zai iya faɗin wata lamba, ka bi tasa. Abin da mutane ke yi shi ne su tara 80 da 20 da 20, su sami 120, su je su yafa. Kuskure ne. Ka zuba irin gona uku a gona ɗaya.

Fili ɗaya ne, iri uku ne za su zauna a ciki, dole a raba musu. Mu ba wake rabin fili, dawa kwata, gero kwata. Rabi da kwata da kwata sun cika ɗaya. Yanzu rage kowace lamba daidai da kasonta:

Wake: rabin 80, kilo 40.
Dawa: kwatan 20, kilo 5.
Gero: kwatan 20, kilo 5.

Jimla kilo 50 a hekta. Duba tazarar da ke tsakanin 50 da 120. Sake dubawa.

Na taɓa zuwa duba filin wani ɗalibina da ya yafa cikakken awon duka ukun. Mako biyu da shuka, fili ya yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma, yana ta murna. Da na koma bayan wata biyu, karan dawa bai kai kaurin fensir ba, ganyen ƙasa duk ya yi rawaya. Na durƙusa na buɗa karan da hannu ina neman wake, sai 'yan sirara marasa ganye na tarar, inuwa ta kashe su. Geron da ya yi kai, kan bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ya kashe kuɗi fiye da ninki biyu, tsuntsayen da ya yi domin su ba su sami abin tsinta ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutumin ya yi wahala.

Mu sake da wasu lambobi. Iri biyu kawai, wake da dawa, rabi da rabi. Wake nawa? Rabin 80, wato 40. Dawa nawa? Rabin 20, wato 10. Madalla. Wanda ya rubuta 80 da 20, ya goge ya sake, ba abin kunya ba ne. Mu sake kuma: wake kashi uku cikin huɗu, gero kwata. Wake 60, gero 5. Ka samu? To ka iya.

Amma fa ba mu gama ba. Koma kan kalmar da ka zagaye. Filinka kwatan hekta ne, don haka raba kowace lamba ta misalinmu na farko, wato 40 da 5 da 5, gida huɗu: wake kilo 10, dawa kilo 1 da kwata, gero kilo 1 da kwata. Ragi biyu ke nan. Na farko don iri uku ne ke raba fili, na biyu don filin bai kai hekta ba.

Na san abin da zai faru. Za ka ɗora gero a sikeli, ka ga ɗan kaɗan ne, zuciyarka ta ce ƙara. Kada ka ƙara! Ƙwayar gero ƙanana ce, kilo guda na ɗauke da dubbai masu yawa. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Ana fita daga aji sai a watsar da takarda a koma awo da tafin hannu. In haka za a yi, me ya kawo mu nan? Takardarka ta bi ka har gona. Kowane iri, kasonsa kawai.

Darasi na 4: Gwada tsiron

Ƙirga ƙwaya 100, naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle, kada ya bushe. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka buɗe ka ƙirga masu tsiro. Idan 80 ne suka tsiro, ninka kilonka da 100 ka raba da 80. Wake kilo 10 ya koma 12 da rabi. Wannan ne kaɗai ƙarin da na yarda da shi, kuma bayan an yi ragi biyun nan ake yin sa.

Darasi na 5: Yafi

Manyan ƙwayoyi sun fi ƙanana son zurfi. Yafa wake tukuna, ka rufe shi da ƙasa kamar santimita 3. Sannan cuɗa dawa da gero da busasshen yashi don su bazu daidai, ka rufe sama-sama. Raba irin biyu: rabi ka bi tsawon fili, rabi ka bi faɗinsa. A shuka a ƙasa mai danshi.

Darasi na 6: Keji

Kewaye wuri mai faɗin mita 1 da ragar waya a tsakiyar fili. Na ciki dabba ba ta taɓa shi. Idan na ciki ya yi tsawo, na waje ya guntule, ana ci. Idan duka biyun sun tsumbure, duba ƙasarka ko awonka.

Aikin gida: fili mita 100 da mita 50. Wake rabi, dawa rabi. Kilo nawa kowanne? A zo da takardar.